Montalcino: Garin Da Ya Mai Da Sunansa Jari

A kudancin lardin Siyena na ƙasar Italiya, kimanin kilomita 40 daga birnin Siyena, akwai wani ɗan ƙaramin gari a bisa tudu mai suna Montalcino, wanda jama'arsa duka-duka ba su kai mutum 6,000 ba. Da a nan gida ne, da ƙyar zai sami matsayin hedikwatar gunduma. Amma duk da ƙanƙantarsa, hekta ɗaya ta gonar inabi mai rajista a wannan gari takan kai kusan Yuro miliyan ɗaya a wuraren da suka fi daraja, kuma giyar da ake sarrafawa daga inabin, wadda ake kira Brunello di Montalcino, kimanin kashi 70 cikin ɗari nata ƙasashen ƙetare ake kai shi. A farkon shekarun 1960 kuwa, ana lissafa wannan gari ne cikin waɗanda suka fi talauci a lardin baki ɗaya.

Tun kafin tafiya ta yi nisa, wajibi ne a kawar da wani zato. Giya haramun ce a addinin Musulunci, mafi yawan masu karanta wannan sharhi ba sa shan ta, ba sa cinikinta, kuma babu mai kiran su zuwa ga haka. Abin da ya sa na ɗauko labarin wannan gari shi ne, a cikinsa akwai amsar wata tambaya da ta daɗe tana damun duk mai fatauci da amfanin gona a ƙasar nan: me ya sa wani gari zai yi shekara ɗari yana noma abin da duniya ke so, amma ya zauna cikin fatara, wani garin kuma ya yi arziki da ɗan abin da yake nomawa? A ganina, dukiyar Montalcino tana cikin sunan garin ne, da kuma dokar da mutanen garin suka ɗaure kansu da ita domin kare sunan. Wannan kuwa darasi ne da ya shafi mai albasa da mai citta da mai kilishi, ko da bai taɓa ganin itacen inabi ba.

Wanda ya ga Montalcino a yau, da wuya ya yarda da halin da garin ya shiga bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Tsawon ɗaruruwan shekaru garin yana cin albarkacin tsohuwar hanyar da matafiya da fatake ke bi daga arewacin Turai zuwa birnin Rum, wadda ta ratsa ta ƙarƙashin tudun. Talakawan karkara kuwa suna zaune ne a kan tsarin noma-mu-raba, inda mai ƙasa zai ba da fili da gida, manomi da iyalinsa su sha wahala, a raba amfani biyu. Waɗanda ba su sami haka ba, sai saran itace da ƙona gawayi a daji. A shekarun 1930 wani ƙwaro mai cin saiwar inabi ya auka wa gonakin yankin ya yi musu mummunar ɓarna. A shekarar 1964 aka kammala babbar hanyar mota daga Milan zuwa Napoli, wadda ta bi can ta gabas ta bar Montalcino a gefe, kuma a cikin wannan shekara majalisar dokokin Italiya ta hana ƙulla sabuwar yarjejeniyar noma-mu-raba. Sai matasa suka watse zuwa masana'antun birane. Ƙidayar 1951 ta sami sama da mutum 10,000 a yankin, amma zuwa 1991 kusan rabinsu kawai suka rage. Duk wanda ya san yadda Nguru da Ƙauran Namoda suke a zamanin da jirgin ƙasa ke lodin gyaɗa, ya kuma ga abin da ya biyo baya, ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da ke samun gari idan hanya ta juya masa baya.

Abu guda da ya rage wa garin shi ne aikin wani gida. Tun tsakiyar ƙarni na 19 wani mai harhaɗa magunguna, Clemente Santi, ya ware wani nau'in inabi na irin da ake kira Sangiovese, wanda mutanen wurin ke ce wa Brunello, ya riƙa sarrafa shi shi kaɗai ba tare da gauraya shi da wani ba. Jikansa, Ferruccio Biondi-Santi, shi ne ya ci gaba da aikin, kuma kakarsa ta 1888 ita ake ɗauka a matsayin mafarin Brunello na zamani. Abin lura a nan shi ne tsananin haƙurin wannan gida. Daga 1888 zuwa 1945, kaka huɗu kacal suka ware a matsayin waɗanda suka cancanci babbar darajar gidan, wato 1888 da 1891 da 1925 da 1945. Ɗan kasuwa mai gaggawa zai ce wannan wauta ce. Amma ƙarancin hajar da ingancinta su ne suka kai ta teburin manya, har a shekarar 1969, lokacin da shugaban Italiya Giuseppe Saragat ya shirya wa Sarauniya Elizabeth ta Biyu liyafa a ofishin jakadancin ƙasarsa a Landan, kakar 1955 ta wannan gida aka ajiye a gabanta.

Sai dai gida ɗaya ba ya raya gari, kamar yadda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A farkon shekarun 1960 masu sarrafa Brunello ba su wuce goma sha ɗaya ba. Juyin ya fara ne a shekarar 1966, sa'ad da gwamnatin Italiya ta yi wa sunan rajista a ƙarƙashin tsarinta na shaidar asalin kaya, wanda ake taƙaitawa DOC. A 1967 manoma 25 suka kafa ƙungiyar da za ta kula da sunan. A 1980 kuma Brunello ya shiga rukunin farko na waɗanda aka ɗaga zuwa mataki mafi girma, wato DOCG. Ma'anar wannan a harshen kasuwa ita ce, martabar da gida ɗaya ya shafe shekara kusan ɗari yana ginawa ta zama dukiyar gari, kowane manomi na da haƙƙi a cikinta, da sharaɗin ya bi doka. A yau masu sarrafa hajar sun haura 200.

Ya kamata mai karatu ya tsaya ya dubi wannan doka da kyau, domin kowane layi nata lissafi ne. Da farko, ba a yarda a sa ko ƙwaya ɗaya ta wani inabi ba sai Sangiovese, kuma sai wanda aka noma a cikin iyakar da aka shata wa garin. Na biyu, an ƙayyade cewa hekta ɗaya ba za ta ba da fiye da tan 8 ba, wanda idan an matse an tace bai wuce kwalba 7,000 da 'yan kai ba. Manomin da gonarsa ta yi albarka fiye da kima, shi da kansa yakan bi ya tsinke wani sashe na 'ya'yan tun suna ɗanye ya zubar, domin sauran su yi kyau. Na uku, dole hajar ta yi aƙalla shekara biyu a cikin gangar katako da wasu watanni a kwalba, kuma ba a fitar da ita kasuwa sai ranar ɗaya ga Janairu ta shekara ta biyar bayan kaka. Na huɗu, a cikin yankin ake ɗura ta a kwalba, sannan a manna wa wuyan kowace kwalba wata takardar gwamnati mai lamba. Bugu da ƙari, tun shekarar 1997 aka rufe littafin rajistar gonakin Brunello a kan kimanin hekta 2,100. Komai tsadar haja, komai yawan masu nema, ba a ƙara fili.

Wannan hali ya saba wa abin da muka saba gani a kasuwanninmu. A nan, idan farashin wani amfanin gona ya tashi bana, baɗi kowa sai ya tsunduma cikin nomansa, kasuwa ta cika ta batse, farashi ya faɗi warwas, wanda ya ci bashi ya shiga uku. Mutanen Montalcino sun fahimci cewa mai saye daga nesa ba ya iya ɗanɗana kowace kwalba kafin ya biya, don haka abin da yake saye alal haƙiƙa shi ne tabbacin cewa abin da ke ciki ya yi daidai da abin da aka rubuta a waje. Dokar ita ce ke samar da wannan tabbaci, ƙayyade yawa kuma shi ke hana farashi rugujewa. Ko da yake lissafi ya nuna filin da aka yi wa rajista zai iya ba da kwalba kusan miliyan 15 a shekara, abin da ke fita da sunan Brunello yakan tsaya ne a wajen miliyan 10, domin da yawa daga cikin masu gonakin kan zaɓi su saukar da abin da bai gamsar da su ba zuwa daraja ta ƙasa.

A nan ne wata dabara ta ɓullo wadda, a ra'ayina, ta fi kowace amfani ga ɗan kasuwarmu. Ajiye haja shekara biyar yana nufin ɗaure jari shekara biyar, ga kuɗin ma'aikata, ga kuɗin ganguna, ga kuɗin ruwa na banki. Ƙaramin manomi ba zai iya jure wannan ba, kuma wanda yunwa ta matsa shi ne kan fara yin algus. Saboda haka a farkon shekarun 1980 aka yi wa haja ta biyu rajista da sunan Rosso di Montalcino, wadda da inabi iri ɗaya ake yin ta, amma ana iya sayar da ita shekara guda kawai bayan kaka, a kan farashi mai sauƙi. Da ita ake samun kuɗin jujjuyawa, a cikinta kuma ake zuba abin da bai kai matsayin daraja ta farko ba. Wato dai sun buɗe wa haja mai rauni ƙofa ta halal a idon doka, domin kada ta bi ta taga ta shiga cikin mai kyau. Duk wanda ya taɓa sayen buhun hatsi ya tarar da mai kyau a sama, ruɓaɓɓe a tsakiya, ya san abin da rashin irin wannan ƙofa ke jawowa.

Har ila yau akwai batun jarin waje. A shekarar 1978 wasu 'yan'uwa biyu Amurkawa 'yan asalin Italiya, John da Harry Mariani, waɗanda suka yi arziki da shigar da giyar Italiya Amurka, suka sayi makeken fili a kudancin yankin suka kafa kamfanin Banfi. Mutanen gari da dama sun yi ɗari-ɗari da su, amma babu mai musun cewa su ne suka buɗe wa Brunello kasuwar Amurka, wadda ta zama babbar kasuwarsa ta ƙetare. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, dokar da ta ce a cikin gari za a noma, a cikin gari za a sarrafa, a cikin gari za a ɗura, ita ce ta tilasta wa mai kuɗi ya ɗauko kuɗinsa ya zo garin, ya gina ma'ajiya, ya ɗauki ma'aikata, ya biya haraji a can. Da babu wannan sharaɗi, da manyan motoci ne kawai za su riƙa zuwa da kaka su kwashe inabi, riba ta tafi Milan ko New York. Daga baya, musamman bayan da hukumar UNESCO ta sanya kwarin Orcia, wanda Montalcino ke cikinsa, a jerin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2004, 'yan yawon buɗe ido suka ƙaru, masu masauki da masu abinci da masu zuma da man zaitun su ma suka sami rabonsu.

Amma suna, kamar tulu ne, ginawa da wuya, fasawa da sauƙi. A farkon shekarar 2008 labari ya fasu cewa masu gabatar da ƙara na Siyena suna binciken wasu manyan kamfanonin garin bisa zargin suna gauraya Sangiovese da wasu nau'o'in inabi domin hajar ta yi duhu da laushi irin yadda masu saye na ƙetare suka fi so. Babu wanda ya ce an sa guba, babu wanda ya kwanta asibiti. Laifin shi ne an rubuta abu ɗaya a waje, an zuba wani a ciki. 'Yan sandan kula da harkokin kuɗi suka garƙame ma'ajiyoyi, hukumomin Amurka suka ba da sanarwar cewa daga watan Yuni na wannan shekara ba za su bari Brunello ya shiga ƙasarsu ba sai da takardar shaida, gwamnatin Italiya kuma ta karɓe aikin sa-ido daga hannun ƙungiyar manoman. A ƙarshe an sauke fiye da lita miliyan ɗaya daga darajar Brunello. Masu iya magana sun ce wake ɗaya shi ke ɓata gari: manomi mai hekta uku wanda bai taɓa karya doka ba, shi ma sai da hajarsa ta sha tuhuma.

Abin da ya biyo baya shi ne zuciyar wannan labari. Wasu daga cikin manyan masu ruwa da tsaki suka ce tunda kasuwa na son gaurayen, kuma ana yin sa a ɓoye, me zai hana a sassauta dokar a halatta shi? Wannan magana ce mai daɗin ji ga mai duba ribar bana. A watan Oktoba na 2008 aka kaɗa ƙuri'a, kashi 96 cikin ɗari suka ce a bar dokar yadda take. A 2011 aka sake kawo irin wannan shawara game da Rosso, aka sake yin watsi da ita. Ni a ganina sun yi daidai. Da sun sassauta, da hajarsu ta zama ɗaya daga cikin dubban masu kama da juna da ake yi a Kalifoniya da Chile da Ostareliya, inda ƙasa ta fi araha, gonaki suka fi faɗi, kuma da farashi kawai za a yi gasa, gasar da ƙaramin gari a kan tudu ba zai taɓa cin ta ba. Wani darasin kuma shi ne, bai dace mai haja ya zama shi ne alƙalin hajarsa ba. Tun bayan wannan rikici, wata hukuma ce mai zaman kanta ke binciken gonaki da ma'ajiyoyi.

Ba zan yi wa mai karatu adalci ba idan na nuna masa fuska ɗaya kawai. Masana tattalin arziki da dama na ganin cewa rufe littafin rajista haɗin baki ne na masu haja domin tsawwala farashi, wanda aka yi wa ado da sunan kare inganci. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan suka. Wanda kakansa ya yi rajista kafin 1997 ya wayi gari attajiri, maƙwabcinsa mai irin wannan ƙasa da bai yi ba ya tashi a tutar babu. Tsadar ƙasa ta kai matsayin da saurayi ɗan gari ba zai iya sayen ko rabin hekta ba, magada kuma sukan ga sayarwa ta fi musu sauƙi. A 2013 masu jari daga Brazil suka sayi tsohuwar gonar Argiano, a ƙarshen 2016 kuma aka ba da sanarwar cewa wani kamfanin Faransa mai suna EPI ya sayi mafi yawan hannun jarin gidan Biondi-Santi kansa, gidan da ya haifi sunan. Aikin gonar kuwa, kaso mai yawa nasa baƙi 'yan ci-rani ne ke yin sa, kuma ba su ne ke cin gajiyar tsadar ƙasa ba. Amsata ga wannan suka ita ce, ƙayyade inganci wajibi ne, amma ƙayyade yawa makami ne mai kaifi biyu, kuma duk garin da zai yi koyi da Montalcino dole ya tanadi hanyar da sabon manomi zai shigo, tun kafin ƙasa ta fi ƙarfinsa.

Haɗari na biyu shi ne dogaro da haja ɗaya da kasuwa ɗaya. Hukumar kula da harkar inabi ta duniya, OIV, ta bayyana cewa giyar inabin da aka sha a duniya a shekarar 2024 ba ta wuce kimanin lita biliyan 21.4 ba, adadi mafi ƙanƙanta tun 1961. A yankin Bordo na Faransa, a 2023 sai da gwamnati ta shiga biyan manoma kuɗi domin su tumɓuke dubban hektocin inabi da suka rasa mai saye. A watan Agusta na 2025 Amurka ta ɗora harajin kashi 15 cikin ɗari a kan mafi yawan kayayyakin Tarayyar Turai, har da giya. Ga kuma zafi da fari da ke ƙaruwa a kudancin Turai. Montalcino na da ɗan abin da ya kare ta, domin gonakin inabi ba su wuce kashi 15 cikin ɗari na ƙasar garin ba, sauran daji ne da zaitun da hatsi, amma aljihun garin a wuri guda yake rataye. Manoman citta na kudancin Kaduna, waɗanda annobar 2023 ta cinye musu gonaki a damina ɗaya, sun san ɗacin wannan al'amari.

To, ina wannan labari ya haɗu da namu? Mu ma muna da garuruwan da sunansu ya riga ya zama shaidar haja a bakin masu saye, ba tare da taimakon kowace doka ba. Akwai albasar Aliero, cittar Kachiya, doyar Zaki Biam, shinkafar Ofada da ta Abakaliki, garin Ijebu, har da inabin ci da manoman Kudan ta Jihar Kaduna suka shahara da shi a 'yan shekarun nan. Matsalar ita ce, kowa na iya ɗaukar sunan ya liƙa wa abin da ya ga dama, kuma da zarar haja ta bar garin, sunan garin yakan ɓace a hanya. Wannan ciwo tsoho ne. Fatar jan akuyar Sakkwato, wadda majeman ƙasar Hausa suka jeme, ayari ya ratsa Sahara da ita, ta shiga Turai da sunan fatar Maroko, domin ta tashoshin Arewacin Afirka ta fita. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Haka kuma mun ɗanɗana hukuncin da ake yi wa kowa saboda laifin wasu, lokacin da Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya a shekarar 2015 saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, aka kuma yi ta tsawaita dakatarwar. Wanda ya adana wakensa da tsafta da wanda ya antaya masa guba, duk ƙofa ɗaya aka rufe musu.

Maƙwabtanmu sun riga sun kama hanya. A shekarar 2013 ƙungiyar OAPI, mai kula da haƙƙin mallakar fasaha a ƙasashen Afirka da akasarinsu ke amfani da Faransanci, ta yi wa masoron Penja da farar zumar Oku na ƙasar Kamaru rajistar asali, kuma a 2022 masoron Penja ya sami irin wannan kariya a Tarayyar Turai. Jamhuriyar Nijar ita ma ta yi wa albasar Galmi da kilishinta rajista a wannan ƙungiya. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda Nijeriya ke cikinta tun 1995, ta amince da kare sunan asalin kaya, haka ma ƙa'idar mallakar fasaha ta kasuwar bai-ɗaya ta Afirka da shugabanni suka amince da ita a 2023. Ranar da iyakoki suka buɗe sosai, wanda ya riga ya yi wa sunansa rajista shi zai shiga kasuwa da takarda a hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ko shakka babu akwai aikin da ya rataya a wuyan mahukunta: doka ta musamman mai sauƙin amfani, ɗakunan gwaji kusa da manoma, da kotun da za ta hukunta mai satar suna cikin hanzari. Akwai kuma batun kuɗin ruwa, domin a ƙasar da Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen 2024, haƙuri da haja yana da tsada ƙwarai. Amma kuskure ne 'yan kasuwa su naɗe hannu suna jiran Abuja. Gwamnatin Italiya ta ba da rajista ne kawai, mutum 25 ne suka zauna suka ɗauki nauyin sunan. Dokar tambarin kasuwanci ta Nijeriya ta 1965 ma ta tanadi tambarin shaidar inganci, wanda ƙungiya za ta iya nema. Kuma ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu, da sarakunan kasuwa da shugabannin dillalai, suna da ikon ladabtar da 'ya'yansu fiye da yadda kowace hukuma za ta iya.

Saboda haka shawarata ga duk wata ƙungiya ta masu haja a garin da ya yi suna ita ce, su zauna su rubuta a takarda abin da ya sa hajarsu ta bambanta: irin da ake shukawa, iyakar ƙasar da ake nomawa, yadda ake busarwa da adanawa, da nauyin buhu a sikeli. Su raba hajar daraja biyu, kowace da sunanta da farashinta, domin mai ƙaramin ƙarfi ya sami inda zai sayar ba tare da ha'inci ba. Su ɗauko mai bincike daga waje wanda ba ɗan kowa ba ne, su biya shi daga kuɗin ƙungiya. Su dage a kan cewa a garinsu za a tsince, a gyara, a ɗura a buhu ko kwali, a buga tambari. Abu mafi wuya kuma, wanda shi ne ma'aunin ko da gaske suke, su amince tun yanzu cewa ranar da aka kama babban mutum a cikinsu da algus, hukuncin da za a yi wa ƙaramin shi za a yi masa. Mutanen Montalcino sun fuskanci wannan rana a shekarar 2008, suka zaɓi sunan garinsu a kan ribar shekara guda, kuma shi ya sa har yau mai saye a Tokyo ko New York ke biyan kuɗi mai yawa saboda sunan wani ɗan gari da mutanensa ba su kai 6,000 ba.